Ƙaramar Hukuma da Tsaron Tsakiyar Birni: Nazari a kan Haɗin Gwiwa da Jama'ar Gari a Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi rawar da ƙananan hukumomin birnin Kano za su iya takawa wajen tsare rai da dukiya a tsakiyar gari, inda manyan kasuwanni da tashoshin mota da masallatan Juma'a suke. Ta bibiyi yadda aikin tsaro ya fita daga hannun hukumar gargajiya, da abin da tsarin mulkin 1999 ya bar wa ƙaramar hukuma, sannan ta ɗauko darasi daga birnin Kadif na ƙasar Birtaniya. Matsayarta ita ce, ƙaramar hukuma tana da hurumin aiki a fagen tsaro ko da ba ta da ɗan sanda ko ɗaya, muddin za ta riƙe ayyukan da doka ta ba ta, ta kuma zama mai kiran taron masu ruwa da tsaki bisa ƙa'ida rubutacciya.

1.0 Gabatarwa



Duk lokacin da aka tayar da zancen tsaro a gaban shugaban ƙaramar hukuma, amsar da ta fi saurin zuwa bakinsa ita ce 'yan sanda ba a ƙarƙashinsa suke ba. Gaskiya ya faɗa. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a Nijeriya, kuma ba a yarda a kafa wata ba. Sai dai wannan amsa ta zama mafaka. Da ita ake rufe zance, alhali matar da aka fizge wa waya a bakin titi bayan magariba ba sashen doka take tambaya ba. Tambayarta ita ce me ya sa wurin ya yi duhu, me ya sa ba kowa a kusa, kuma wa za ta kai wa kuka.

Idan na ce tsakiyar birni, ina nufin shimfiɗar da ta taso daga Kasuwar Kurmi da Jakara, ta bi ta Ƙofar Wambai da Ƙofar Mata, ta faɗa Kantin Kwari da Singa, ta kai Bata da 'Yan Kura da Sabon Gari. Nan ne jama'a suke kwarara kullum daga ƙauyukan jihar da sauran jihohi, har da fatake daga Nijar da Chadi da Kamaru masu sarin atamfa da shadda da kayan masarufi. Mafi yawan waɗanda suke wuni a wurin ba a nan suke kwana ba. Wannan shi ya bambanta tsaron tsakiyar gari da tsaron unguwa: a unguwa ana sanin baƙo, a kasuwa kuwa kowa baƙo ne.

2.0 Yadda Aka Zo Nan

Kano ba baƙuwar tsarin tsaron gari ba ce. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 kuma ake danganta kafa Kasuwar Kurmi da shi, birnin yana da badala da ƙofofi, kowace ƙofa da sarkinta, kasuwa da sarkinta, kowace sana'a da shugabanta. Baƙo yana sauka ne a hannun fatoma ko maigida, shi ke ɗaukar nauyinsa, shi ake tambaya idan wani abu ya taso. A zamanin Turawa, En'e ta riƙe dogarai da 'yan doka da kotunan alƙalai da gidan yari. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe waɗannan duka: 'yan doka suka narke cikin 'yan sandan tarayya, gidajen yari suka koma hannun tarayya, kotuna suka koma hannun jiha.

Ba na cikin masu kukan wancan zamani. An karɓe 'yan doka ne saboda dalili, domin an yi amfani da su wajen gallaza wa 'yan hamayya, kuma 'yan jam'iyyar NEPU sun ɗanɗana. Abin lura dai shi ne, da gyaran 1976 ya haifar da ƙananan hukumomi irin na yau, sai aka raba abubuwa biyu da a da suke tare. Sanin mutane ya zauna wurin hakimi da dagaci da mai unguwa, waɗanda ba su da kasafin kuɗi. Ikon kama mai laifi ya koma wurin baturen 'yan sanda, wanda ake iya kawowa daga ko'ina a kuma ɗauke shi kafin ya gama sanin lunguna. Ƙaramar hukuma ta tsaya a tsakani, da kuɗi kaɗan da ma'aikata da yawa.

3.0 Abin da Doka ta Bari a Hannun Ƙaramar Hukuma

A nan nake so mu daɗe, domin nan ne ake yawan tsallakewa. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya jera ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai kafawa da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da banɗakunan jama'a. Akwai gina hanyoyi da magudanai da fitilun titi. Akwai sanya wa tituna suna da ba gidaje lamba, da kwashe shara, da sa ido a kan shaguna da tebura da gidajen abinci da allunan talla. Kalmar tsaro ba ta fito a jerin ba, amma duk wanda ya san inda ake aikata laifi a tsakiyar Kano zai ga cewa kusan kowane abu a jerin ya shafi tsaro kai tsaye.

A ɗauki ƙwacen waya, wanda ya fi komai damun mutanen birni a 'yan shekarun nan. Mai ƙwacen waya yana neman abu uku: duhu, da cunkoson da zai tilasta wa adaidaita sahu tsayawa, da lungun da zai shige ya ɓace. Fitilar da ta mutu aka bar ta wata da watanni, da teburan da suka cinye rabin titi, da kangon da ba a san mai shi ba, su ne kayan aikinsa kafin wuƙa. Ɗan sanda ba ya gyara fitila, ba ya tsara wurin tebur, ba shi da rajistar masu kangwaye. Bayan ƙwacen kuma, wayar tana buƙatar mai saye. Kasuwannin waya irin na Farm Centre da titin Beirut suna da ƙungiyoyi da shugabanni, kuma mafi yawan masu sana'ar mutanen kirki ne da wannan ɓarna take zubar wa mutunci. Ƙa'idar da za ta wajabta rubuta lambar jikin kowace tsohuwar waya da sunan wanda ya kawo ta, ƙaramar hukuma tana da hurumin yin ta a matsayin sharaɗin lasisin shago, kuma ƙungiyar 'yan kasuwar ce za ta fi kowa iya tabbatar da ita.

Haka gobara. A watan Maris na 2016 wuta ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari. A damunar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata kaya na maƙudan kuɗi. Ba a saba lissafa irin wannan cikin matsalar tsaro ba, amma ɗan kasuwar da ya wayi gari ba shi da jari, da yaran shagonsa da suka koma zaman banza, sun san cewa asarar ba ta gaza ta fashi ba. Abin da ke mayar da ƙaramar wuta babba sananne ne: hanyar da motar kwana-kwana za ta bi an gina shago a kai, wayoyin lantarki an jona su barkatai, janareto da jarkar fetur suna kwana kusa da yadi, babu tankin ruwa a kusa. Abin da ke kawo ambaliya shi ma sananne ne: gini a kan magudana da shara a cikinta. Duk wannan aikin mai ba da izinin rumfa ne da mai karɓar haraji, wanda yake zagaya kasuwa kullum da rasit a hannu.

Ba da lambar gida da sunan titi ma, da ake gani kamar ado ne, yana da nasa amfanin. Wanda ya taɓa kiran motar asibiti ko ta kashe gobara cikin dare yana kwatance da masallaci da mai shayi da bishiyar darbejiya ya san mintocin da ake ɓatawa.

Za a ce mini gwamnatin jiha ta riga ta karɓe yawancin waɗannan ayyuka, kuma haka ne. Zirga-zirgar ababen hawa tana hannun hukumar KAROTA, wadda aka kafa a 2012. Shara tana hannun hukumar jiha, tsara gine-gine ma haka, manyan kasuwannin Kwari da Sabon Gari kuma gwamna ke naɗa shugabanninsu. Hisba, wadda dokarta ta fito a 2003, ta jiha ce. Manyan matakan da suka sauya fuskar titunan birni daga sama suka zo, kamar hana acaɓa a watan Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, da hana adaidaita sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe a 2022. Amma yawan hukumomin nan shi ne ma babbar hujjata. Kowacce tana kai rahoto ga shugabanta a ma'aikata, babu wadda aikinta shi ne ta tsaya a kan mahaɗa guda ta ce, a nan an ƙwaci waya sau kaza a wannan wata, fitila ta mutu, tebura sun toshe hanya, wa zai gyara me, kuma zuwa yaushe. Wannan kujera a buɗe take, kuma ƙaramar hukuma ce ta fi dacewa da ita, domin ita ce take da kansila a kowace mazaɓa, ita ce take zama da hakimi.

4.0 Darasi daga Kadif

A Ingila da Wels ma ƙananan hukumomi ba su da 'yan sanda nasu. Abin da suka yi shi ne, a 1998 majalisar dokokin Birtaniya ta yi dokar da ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma da 'yan sandan yankinta su zauna tare, su binciki irin laifukan da ke damun wurin, su ji ta bakin jama'a, su fitar da tsarin aiki a rubuce. Sashe na 17 na dokar ya ɗora wa hukumar nauyin duba tasirin kowane aikinta a kan aikata laifi, ko ba da izinin gini ne, ko lasisin shago, ko dasa fitila.

Birnin Kadif ya ƙara wani abu a kan wannan. Wani likitan tiyatar fuska, Farfesa Jonathan Shepherd, ya lura cewa da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa asibiti da rauni na duka ko sara, 'yan sanda ba su da labarinsu. Sai aka tsara cewa sashen gaggawa zai riƙa rubuta wurin da abin ya faru da lokaci da irin makamin, ba tare da sunan majinyaci ba, a miƙa wa kwamitin da ya haɗa hukumar birni da 'yan sanda da ma'aikatan lafiya. Da wannan bayani aka sauya hanyoyin sintiri, aka hana mota shiga wasu tituna a wasu lokuta, aka sa mashaya amfani da kofin roba maimakon na gilashi, aka ƙara motocin haya na dare. Binciken da aka buga a mujallar likitocin Birtaniya a 2011 ya nuna raguwar masu kwanciya asibiti saboda irin wannan rauni a Kadif, a lokacin da adadin yake ƙaruwa a biranen da aka kwatanta da shi.

Matsalarsu ta mashaya ce da daren ƙarshen mako, tamu ta daba ce da ƙwace da cunkoso, don haka ba maganinsu nake cewa a kwafo ba. Hanyar gano ciwon ita ce abin ɗauka. Asibitin Murtala yana nan dab da Ƙofar Mata, a tsakiyar yankin da muke magana a kai, ga asibitin ƙashi na Dala, ga na Malam Aminu Kano, ga ɗimbin kemis da ƙananan asibitoci inda ake ɗinke sara a unguwanni. Mutanenmu da yawa ba sa zuwa caji ofis idan an cuce su, wasu don gudun wahala, wasu don tsoron ramuwa, wasu don sun fitar da rai. Amma wanda aka sara dole ya nemi magani. Takarda guda mai tambaya uku, ina, yaushe, da wane makami, ba ta buƙatar kwangila. Sharaɗin kawai shi ne a kiyaye sunan majinyaci da gaske, domin ranar da aka ji cewa asibiti yana kai sunaye wurin 'yan sanda, ranar mutane za su koma jinya a ɗaka.

5.0 Abokan Aikin da Suke Ƙasa

Kano ba ta rasa masu aikin sa kai ba. Bayan hare-haren 20 ga Janairun 2012 da na Babban Masallacin Juma'a a ranar 28 ga Nuwamban 2014, 'yan agaji da matasan unguwanni ne suka riƙa tsayawa a ƙofofin masallatai suna binciken masu shiga. 'Yan sintiri suna kwana a waje a unguwanni da dama, da tocila da gora, a kan ɗan abin da magidanta suke tarawa. Kowane layi a Kwari yana da shugabanni da masu gadi. 'Yan kamasho sun san kowace mota da ke tashi a tasharsu. Direbobin adaidaita suna ganin abin da babu kyamarar da za ta gani. Kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a yana nan tun 1984, dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta yi tanadin kwamitocin tsaron al'umma. Abin da babu shi ne zaren da zai ɗinke su, da littafin da za a rubuta abin da aka yanke, da wanda za a tuhuma idan ba a yi ba.

Akwai waɗanda ba a cika gayyata ba, kuma rashinsu yana rage wa zaman amfani. Mata masu zuwa kasuwa da 'yan mata masu talla su suka fi sanin lungun da ake tare mutum da inda ake cin zarafi, amma ba za su faɗa a gaban taron dattawa ba sai an ware musu zama da mata 'yan uwansu. Mazauna Sabon Gari, Igbo da Yarabawa da sauran ƙabilu, da shugabannin coci, dole su kasance a teburin tun ranar farko, domin birnin ya sha ganin yadda jita-jita take zama tarzoma idan babu wanda zai kira wani a waya. Sai matasan da suka tuba daga daba. Rundunar 'yan sandan jihar ta karɓi tubabbu a 2023, mataki ne mai kyau, amma tuban da ba sana'a a bayansa ba ya daɗewa, kuma rumfa a kasuwa da gurbin koyon aiki suna cikin abin da ƙaramar hukuma take iya bayarwa.

Haɗin gwiwa yana da haɗarinsa, kuma ba daidai ba ne a ɓoye shi. Na farko shi ne ɗaukar doka a hannu. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, 'yan sintiri suka tare mafarauta 'yan Arewa da ke kan hanyarsu ta komawa gida, aka kashe mutum 16. Kano ta yi kuka, kuma ya cancanta ta yi. Amma mu ma a titunanmu ana ihun ɓarawo a taru a kan mutum kafin a tambayi me ya yi. Duk ƙungiyar sintirin da hukuma za ta yi aiki da ita sai ta kasance da rajista, kowane ɗanta mai unguwa ya san shi ya sa masa hannu, an koya masa iyakarsa: ya kama, ya miƙa wa 'yan sanda nan take, babu duka, babu ɗaki na tsare mutane, babu yanke tara. Na biyu shi ne siyasa. Tun 'yan bangar shekarun 1950 ake ɗaukar matasa ana ba su makami da ƙwaya a lokacin zaɓe, a watsar da su bayansa. Shugaban da ya raba wa matasa kuɗi a gangami ba zai iya zama shugaban kwamitin da zai hana su daba ba. Saboda haka kwamitin yana buƙatar dokar majalisar kansiloli da za ta fayyace kujerunsa bisa muƙami, yadda sauyin jam'iyya ba zai rushe shi ba, a kuma riƙa liƙa rahotonsa a sakatariya da ƙofar hakimi, a karanta a rediyo.

6.0 Iyaka da Kuɗi

Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, takwas daga ciki su suka haɗu suka yi birnin: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Yankin kasuwannin da na zayyana ya ratsa fiye da ɗaya. Mai laifi yana tsallaka titi guda ya bar Fagge ya shiga Birni ko Dala, ya bar ofishin 'yan sanda guda ya shiga hurumin wani. Kwamitin da ya tsaya a iyakar ƙaramar hukuma ɗaya zai kori matsala ne kawai zuwa maƙwabta. Abin da ya dace shi ne zama guda na tsakiyar birni, wanda aƙalla Birni da Fagge da Dala za su riƙe tare, da sakatare na dindindin da taswira guda.

Game da kuɗi, an daɗe ana fakewa da asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma uzurin yana da tushe. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta shugabannin riƙo. Ko an aiwatar da hukuncin yadda ya kamata ko an yi ta jan ƙafa, yawancin abin da na ambata ba ya jiran sa. Kiran taro sau ɗaya a wata, da takardar asibiti, da rajistar 'yan sintiri, da ƙirga fitilun da suka mutu, harajin tebura da na tasha da ake karɓa kullum ya isa ya ɗauki nauyinsu. Jihohi suna ta kafa rundunoninsu, Amotekun a kudu maso yamma a 2020, dakarun tsaron al'umma na Katsina a 2023, Askarawan Zamfara a 2024, kuma wataƙila daji yana buƙatar haka. Tsakiyar birni ba ƙarin kaki ta fi buƙata ba.

Kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin Birni da Fagge da Dala da kansilolinsu shi ne su kafa wannan zama da doka kafin kasafin kuɗi na gaba, su gayyaci masarauta da 'yan sanda da asibitoci da shugabannin kasuwa da na tasha da mata, su fara da mahaɗa biyar da aka fi kuka da su. Mu kuma da muke jami'o'i da kwalejoji, Bayero da sauransu, mu ba da ɗalibanmu su yi ƙirgar, mu riƙa buga sakamakon kowane wata shida da Hausa, domin ɗan kasuwar Kwari da mai unguwar Fagge su karanta su ga wanda ya cika alkawari da wanda bai cika ba.